Aljani a layin waya: gardamar Zauren Sakkwatawa kan shirin tsakar dare

Bello Tela, Mabera: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wa yas saurari shirin daren jiya? Ba ni kama sunan tasha, masu ji sun sani. Ina shago ina ƙarasa ɗinkin biki, wajen ɗaya saura kwata, wata mata tab bugo tac ce ɗiyarta na faɗuwa tana kumfar baki tun bara. Malamin da anka gayyato ko shekarun yarinyar bai tambaya ba, yac ce a kara mata waya ga kunne. Ya yi karatu kamar minti biyu, sai munka ji wata murya ƙasa-ƙasa, wai ta aljani, tana cewa daga bakin gulbi tab biyo ta, wai kishiyar uwar ce tat turo. Kishiya fa, a rediyo, duk gari na ji. Sannan mai gabatarwa yak karanto lambar wayar Malam har sau uku. Na ɗauke ƙafa daga keke na yi zugum. Wanga abu daidai na?

Ɗan Jumma: Aljanin ma da kati a wayarsa ko "flashing" ya yi?

Hajiya Luba: Kai Ɗan Jumma, bar wasa da abin da ba ka gani ba. Wa'alaikumus salam Bello. Na ji shirin, kuma ni ban ga abin tada jijiyar wuya ba. Aljanu gaskiya ne, sura guda gare su cikin Alƙur'ani.

Bello Tela, Mabera: Hajiya, ban musa aljanu ba, Allah shi tsare. Muryar nan nike tambaya, da sunan kishiya da anka kira.

Baba Altine: Salamu alaikum ɗiyana. Jikana ka rubuta min, ni ina hwaɗi. Shekara goma sha ɗaya ina gadin wani sito wajen Kwannawa. Daga isha'i har asuba ba ni da abokin magana sai 'yar rediyona da tocila. Ku da kuke kwana bisa katihwa ba ku san tsawon dare ba. In sha biyu tab buga, gari yay yi tsit, ko haushin kare ba ka ji, shirin ga shi ka hana ni gyangyaɗi. Ina jin tsoro, i, amma tsoron nan na ka riƙe min ido. Kar ku sa a ɗauke muna shi.

Ɗan Jumma: Baba, wato tsoro ne goronka.

Baba Altine: Goro ya yi tsada ɗana.

Malam Sani Kanwuri: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ban ji shirin jiya ba, amma an turo min sautin da safe, na saurara sau biyu. Mu raba abu biyu. Ruƙya halal ce. Annabi (SAW) ya ce babu laifi a ruƙya matuƙar ba shirka ciki, yana cikin Sahihu Muslim. Kuma sahabi ya karanta Fatiha ga shugaban wata ƙabila da kunama ta harba, ya warke, aka ba su tumaki, Annabi bai hana ba. Wannan ba gardama. Inda nake tsayawa shi ne karɓar shaida daga bakin aljani. Ko mun ɗauka da gaske aljani ne ya yi magana, wa ya ce aljani mai gaskiya ne? Wanda Abu Huraira ya kama yana satar abincin zakka, ya koya masa Ayatul Kursiyyu, me Annabi ya ce a kansa? Ya gaya maka gaskiya, amma shi maƙaryaci ne. Wato asalinsa ƙarya. To maƙaryaci ya ce kishiya ce, sai ka ɗauka ka watsa wa gari? Alƙali ba zai karɓi wannan ba ko kan kaza ake shari'a.

Hajiya Luba: Allah shi gafarta Malam, to in da gaske ita ta yi fa? Mu mata mun san abin da ke cikin gidaje.

Malam Sani Kanwuri: Hajiya, in ita ta yi, Allah ya sani kuma ba zai bar ta ba. In ba ita ba ce fa? Wa zai koma rediyo ya wanke ta?

Murtala Gidan Igwai: An sa ni cikin zauren nan jiya, ban so in fara da wannan ba, amma dole. Ni ɗalibin Malamin da kuke magana ne, shekara huɗu ina zama gabansa. Na ga mutanen da aka kawo ɗaure da igiya suka koma gida da ƙafarsu. Masu sukarsa ko Falaƙi da Nasi ba su iya karantawa da tajwidi ba. Hassada ce, da kuma boko da ya ci zuciyar wasu. Duk abin da Bature bai sa hannu ba ƙarya ne a wurinku.

Ɗan Jumma: Malam Sani ne bai iya Falaƙi ba? To fa.

Aminu Direba, Amurka: Sannunku da gida. Nan yanzu asuba ta yi, na tsaya shan shayi na ga zaure ya ɗau zafi. Murtala, maganar Bature da ka kawo ita ta sa zan sa baki, don Baturen ma ya fi mu nisa a wannan harka. Babbar mota nake ja tsakanin Texas da jihohin yamma, dare nake tafiya, kuma abin da Baba Altine ya faɗa shi ne rayuwata, sai dai tawa rediyon a jikin mota take. Akwai wani shiri a nan mai suna Coast to Coast AM. Wanda ya kafa shi Art Bell, daga cikin gidansa yake watsa shi, a wani ƙaramin gari cikin hamadar Nevada da ake kira Pahrump. A shekarun 1990 ɗaruruwan tashoshi ke ɗaukarsa kowane dare. Ya rasu a 2018, amma tun 2003 George Noory ke riƙe da shirin, kuma har yau ana maimaita tsofaffin na Bell. Fatalwa, halittun wata duniya, tashin kiyama, duk abin da ka sani. Ba ya tace masu bugo waya. Har layi na musamman ya taɓa buɗewa ya ce wanda ya san shi ne Dujal ya kira nan. Kuma an kira.

Ɗan Jumma: Yaya Aminu don Allah, Dujal nawa suka kira?

Aminu Direba, Amurka: Sun fi ɗaya, shi ne abin dariyar. Amma bari in kai ku inda ba dariya. A Nuwamba 1996, lokacin da tauraro mai wutsiya da ake kira Hale-Bopp yake tunkarowa, wani mai sha'awar kallon taurari daga Houston, garin da nake zaune, ya bugo ya ce ya ɗauki hoton wani abu yana bin tauraron a baya. Sai wani malamin jami'a ya zo shirin ya ce ɗalibansa masu gani da zuci sun duba, jirgin wasu halittu ne, har ya ce yana da hoto. Masana suka duba, abin da na farko ya gani tauraro ne kawai na yau da kullum. Hoton na biyu kuma masana a Jami'ar Hawaii suka nuna nasu ne aka ɗauka aka yi masa ƙari. Bell da kansa ya fallasa hakan. Amma magana zarar bunu ce. A Maris 1997 aka tarar da gawar mutum 39 cikin wani gida kusa da San Diego, 'yan wata ƙungiyar addini mai suna Heaven's Gate, shugabansu Marshall Applewhite. Sun kashe kansu don ransu ya hau jirgin da ke bayan tauraron.

Hajiya Luba: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Talatin da tara?

Murtala Gidan Igwai: Waɗannan ba Musulmi ba ne, me ya haɗa su da Malam?

Aminu Direba, Amurka: Ba addininsu na kawo ba, lasifikar na kawo. Kuma in yi adalci, Bell ya ce ba laifinsa ba ne, su ma 'yan ƙungiyar sun rubuta cewa ko akwai jirgi ko babu ba shi ne damuwarsu ba. Sun daɗe da aƙidarsu tun shekarun 1970. Har yau ana jayayya a kan rabonsa na alhaki. Ni dai abin da na lura, a cikin mota da tsakar dare, kai kaɗai, murya tana maka magana a hankali kamar aboki, abin da za ka yi wa dariya da rana sai ka ji ya shige ka. Akwai wani tsohon limamin Katolika ɗan Ailan, Malachi Martin, da yake yawan zuwa wajen Bell kafin ya mutu a 1999. Shi mai cire aljanu ne a addininsu. Murya gare shi mai sanyi, ba ya ɗaga ta. Yana cewa ya karanta wani sirri da fadar Fafaroma ta ɓoye, wanda aka ce an bai wa wasu yara uku a garin Fatima na ƙasar Fotugal a 1917, amma ya yi rantsuwa ba zai faɗa ba. Sai ya riƙa ɗanɗana wa mutane, a ce masa kaza ne, ya ce ya fi haka muni. Wallahi wani dare a hanyar New Mexico ina jin maimaicinsa, sai da na kunna fitilar cikin mota na karanta Ayatul Kursiyyu. Ni da ba addinina ba. A shekarar 2000 fadar ta fitar da rubutun, magoya bayansa suka ce ba duka aka fitar ba. Ka ga irin wannan ba ta ƙarewa.

Baba Altine: Ashe can ma akwai masu gadi.

Kabiru Runjin Sambo: Akwai dalilin da ya sa irin shirin nan ya zauna da dare, ba tsoro kaɗai ba. Na yi shekara tara a ɗakin watsa shirye-shirye kafin in koma kasuwa. Zangon AM da rana ba ya nisa, don akwai wani sashe na sararin sama da hasken rana ke sa shi ya shanye sautin. Rana na faɗuwa sashen ya ɓace, sai sautin ya riƙa dukan na samansa yana dawowa ƙasa can nesa. Shi ya sa iyayenmu da dare suke kama Kaduna tangaran, su kama Nijar, wani lokaci har Larabci ka ji ya kutso. FM ba ta da wannan. Amma ita ma tana da nata dalilin dare, kuma shi ne wanda ya shafe mu: kuɗi.

Bello Tela, Mabera: Yawwa Kabiru, nan nike son a zo.

Kabiru Runjin Sambo: Bari in faɗi abin da na gani a inda na yi aiki, ba tare da suna ba. Bayan sha ɗaya na dare babu kamfanin da ke son talla. Ga janareta na shan dizal. Sai mai magani ya zo ya ce zai sayi awa guda, kuɗi a hannu, wata uku gaba. Manaja zai ce a'a? Da yawan waɗanda kuke kira baƙo ba baƙi ba ne, su ne masu gida. Mai gabatarwa ne baƙo. Ba zai iya yi wa wanda ya biya kuɗin filin tambaya mai zafi ba. Wani dare ina kan na'ura, wani mai magani ya shigo da yaransa biyu, ya bar su a mota a waje. Muna buɗe layi, kira na farko da na biyu duk shaidar warkewa. Na leƙa taga, ga su nan cikin mota, hasken waya a fuskarsu. Na gaya wa shugabana da safe, ya ce Kabiru albashinka daga ina kake zaton yake fitowa. Ban ƙara magana ba. Wannan shirun yana cikin abin da nake neman gafara a kai.

Murtala Gidan Igwai: Kana nufin Malam shirya kiran ya yi? Ka ji tsoron Allah.

Kabiru Runjin Sambo: Ban ce ba. Ban san Malaminka ba, ban kuma san ko sayen filin ya yi ba. Na faɗi abin da idona ya gani ga wani. Amma ka tambayi kanka me ya sa ake karanta lamba sau uku, ba a taɓa karanta ayar da mutum zai yi wa kansa tofi da ita a gida sau uku ba.

Malam Sani Kanwuri: Wannan tambayar ta Kabiru ta fi duk abin da na faɗa.

Ɗan Jumma: Ba hukuma ne? Kowa ya sayi awa sai ya faɗi abin da ya ga dama?

Kabiru Runjin Sambo: Akwai NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, tun 1992 aka kafa ta. A 2004 ta hana nuna mu'ujizar warkarwa da ba a iya tabbatarwa a kafafen watsa labarai, lokacin fastocin kudu aka fi nufi, an yi ta ce-ce-ku-ce. Tallan magani kuma sai da izinin NAFDAC. Ko lambar NAFDAC da kuke gani jikin maganin gargajiya, ku karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasa, cewa yake hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Doka na nan. Sai dai wa ke farke ƙarfe ɗaya yana saurare da biro a hannu? In ba wanda ya kai ƙara, shiru kake ji.

Sista Hadiza: Ku yi haƙuri, yanzu na sauka daga aikin dare, na karanta daga sama. Ni yarinyar ce ke raina, kowa ya tafi kan Malam da kishiya an bar ta. Faɗuwa, sandarewa, kumfar baki, tun bara. Ban gan ta ba, ba zan yanke hukunci ta waya ba, kuma shi ne abin da nake so a ce shi ma bai yi ba. Amma duk wanda ya yi aikin asibiti zai fara tunanin farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Ƙwaya ce ake sha kullum. Abin da ke kashe mu shi ne a fara sha, a ji sauƙi, sai wani ya ce ai iska ce, a ajiye magani rana ɗaya. Yankewa kwatsam na iya kawo faɗuwar da ba ta tsayawa. Na karɓi wata budurwa da ta faɗa cikin murhu tana dama kunu, hannun dama har gwiwa. Wata biyu kafin nan aka ce ta bar ƙwayar Bature don tana ɓata wa aljanin rai. Uwar na kuka tana cewa da ta sani. Har yau ina jin warin ɗakin nan.

Hajiya Luba: Sista, ba na musu da ke, aikinki ne. Amma ki saurari nawa. Ɗana na uku, yana aji biyar na sakandare, ya daina magana. Ba ci, ba barci, sai kallon bango. Mun je asibiti, an yi hoton kai, an ɗebi jini, aka ce ba a ga komai ba. Wata huɗu. Wani tsoho a Wurno, ko sisi bai karɓa ba, ya zauna da shi kwana bakwai yana karatu yana ba shi rubutu. Ran na takwas yaron nan ya ce Inna ina jin yunwa. Yanzu yana da 'ya'ya biyu. Ki ce min me?

Sista Hadiza: In ce Alhamdulillahi, Hajiya. Ba ni da abin cewa bayan wannan. Amma ki duba tsohon naki. Kwana bakwai ya zauna da shi. Bai yi ta waya cikin minti biyu ba, bai kira sunan kowa ba, bai ce ku bar asibiti ba. Ni ban taɓa hana majinyaci tofi ba, ni ma ina yi wa 'ya'yana. A haɗa biyun. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan Kware, ga asibitin koyarwa cikin gari. Mutane na jin Kware sai su ce ai ba mahaukaci ba ne, alhali farfaɗiya ma ana dubawa.

Hajiya Luba: Wannan kam gaskiya ne, bai kira sunan kowa ba. Da na matsa masa in ji wa ya yi, cewa ya yi Hajiya ki nemi lafiyar ɗanki ki bar neman abokin gaba.

Sista Hadiza: Kuma don Allah jama'a, in mutum ya faɗi kar a cusa masa cokali a baki, kar a danne shi, kar a ɗura masa ruwa. A janye shi daga wuta, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a juya shi gefe. In ya wuce minti biyar a nufi asibiti. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon, ku daina gudu.

Nasiru Arkilla: Duk wannan dogon Turanci ne. Matsalar daga 'yan bidi'a take, su suka mai da addini kasuwar laya da hatimi.

Murtala Gidan Igwai: Malam ba ya rubuta laya. Masu wuridi dai ku tambaya.

Shugaban Zaure: Nasiru, Murtala, a tsaya nan. Dokar zaure ta uku. Wanda ya sake kawo Izala da ɗariƙa cikin wannan magana zai huta kwana uku. A ci gaba.

Bello Tela, Mabera: Ni ba jiya kaɗai ba. Watan jiya sun kawo wani da yac ce shi tubabben ɗan bori na, yay yi awa guda yana lissafa Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna, abin da kowane ka so da irin turarenshi. Wai gargaɗi. Yaran shagona da safe duk sun hardace. Kafin shi kuma wani yaz zo da lissafin haruffa, yac ce Mahadi ya kusa, har shekara yab bada.

Malam Sani Kanwuri: Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, kuma a garin nan bai kamata a manta ba. Shehu Usmanu da kansa, da mutane suka fara raɗe-raɗin shi ne Mahadi, rubutawa ya yi ya ce ba shi ba ne. A 1906 kuma, Satiru, nan kudu da mu kaɗan, magana ta Mahadi ta tashi, suka kashe jami'an Turawa, wata na zagayowa aka zo aka shafe garin. Har yau kufai ne. Jibrilu ya tambayi Annabi yaushe ne Sa'a, ya ce wanda ake tambaya bai fi mai tambaya sani ba. Sai wani ya zo da alƙalami da jadawali ya fi su.

Ɗan Jumma: Malam a nan kam ban bi ka duka ba. Mutanen Satiru talakawa ne da bayi da suka gudu, mulkin mallaka suka ƙi. Shekara uku kacal da cin Sakkwato. Ba rediyo ce ta ruɗe su ba, zalunci ne ya kai su bango.

Malam Sani Kanwuri: Na karɓa, kuma ban zage su ba, Allah ya jiƙansu. Wanda ke cikin ƙunci shi ya fi saurin karɓar ranar da aka yanka masa. Ka dubi halin da mutanenmu na gabas ke ciki yau, Isa da Sabon Birni, sannan ka ba mai lissafin haruffa awa guda.

Aminu Direba, Amurka: Mai yanka rana ma mun yi shi a nan. Harold Camping, mai gidan rediyon Kirista a Kalifoniya. Ya ce 21 ga Mayu 2011. Alluna ko'ina a bakin hanya, wasu suka bar aiki, wasu suka ƙarar da ajiyarsu wajen talla. Ranar ta wuce, ya ce 21 ga Oktoba. Ita ma ta wuce. Daga baya dai ya fito ya ce ya yi kuskure. Kuɗin mutane kam ba su dawo ba. Zan kama hanya, sai na tsaya.

Murtala Gidan Igwai: Kuna ta haɗa Malam da maƙaryata. Shi bai taɓa yanka rana ba. Kuma mutanen da ke bugowa, ina kuke so su je? Matar nan ƙarfe ɗaya na dare ta kira don ba ta da kuɗin asibiti, ba ta da wanda zai saurare ta. Ku da kuke rubutu a nan, wa ya taɓa ɗaga mata waya?

Sista Hadiza: Wannan ta shige ni, Murtala. Ba ni da amsa mai daɗi.

Malam Sani Kanwuri: Ni ma. Amma tunda kai ke zama gabansa, ka kai masa saƙo da ladabi, ba daga maƙiyi ba. Suratu Saba'i, aya ta 14. Annabi Sulaimanu ya rasu a tsaye dogare da sanda, aljanu na ta aikin wahala ba su sani ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi. Gawa a gabansu ba su gane ba. Ka tambaye shi, ya yarda ya riƙa karatunsa ya bar tambayar wa ya turo ka?

Murtala Gidan Igwai: Zan faɗa masa. Ban yi alkawarin zai ji ba.

Maman Ummi: Tun safe nake karantawa ina ta tunanin ko in yi magana. Ba zan faɗi unguwa ba, kar ma a tambaye ni ta gefe. Gidan da ake magana layinmu ne. Kowa ya gane muryar uwar. Da safe abokiyar zaman ta fito ɗibar ruwa, matan da ke layi a famfo suka janye bokitansu. Ba wanda ya ce mata komai, janyewa kawai suka yi. 'Yarta ta dawo daga Islamiyya tana kuka, an ce mata ɗiyar mayya. Matar nan ita ke goya yarinyar zuwa kemis in ta faɗi, da idona na sha gani. La'asar ɗin nan ta haɗa kaya, yayanta ya zo da mashin. Mai unguwa ya aika a kira mijin.

Hajiya Luba: Subhanallahi. Na janye maganata ta farko. Allah ka yafe mana.

Ɗan Jumma: Ni ma wasan da na yi a sama, a yi haƙuri.

Sista Hadiza: Maman Ummi, ki yi min magana ta gefe, ba don suna ba. Ina hutu jibi. In uwar ta yarda ni zan raka su, kuɗin kati da na mota a kaina.

Hajiya Luba: Na ɗauki nauyin maganin wata uku in an rubuta.

Kabiru Runjin Sambo: Bello, in da gaske kake, takarda za a rubuta wa manajan tashar, a sa kwanan wata da lokacin shirin, a haɗa da sautin da aka turo wa Malam, a ajiye kwafi. Abu biyu za a nema: su daina barin a kira sunan kowa, kuma su faɗa a cikin shirin, a daidai lokacin, cewa abin da aka ce kan matar nan ba shi da hujja. In sun yi kunnen uwar shegu sai a wuce NBC. Zan tsara ta yau da dare. Amma hannu ɗaya ba ya isa, kuma in an je a je da dattijo.

Malam Sani Kanwuri: A sa sunana. Laraba bayan azahar ina da sarari.

Murtala Gidan Igwai: Ba zan sa hannu ba. Amma maganar matar zan kai ta yau, ba sai gobe ba.

Baba Altine: In kun tahi ku gaya musu Baba Altine ya ce kar su kashe hilin. Su kawo mai tarihi, ko mai tatsuniya, ko a buɗe waya mu masu gadi mu gaida juna. In sunka maida shi kiɗa barci za ni yi, a kwashe buhunan mutane.

Bello Tela, Mabera: Za a faɗa Baba. Kabiru turo takardar in ta kammala. Laraba mu haɗu shagona, ga mai ɗinkin biki nan ta iso kuma ban sa maɓalli ba.